Dingyaɗi Zuwa Damagaram a Kan Mashin

Duk wanda ya tambaye ni inda zai je hutu a ƙasar waje, amsa ɗaya nake ba shi, kuma ba na gajiya da maimaita ta: ya kai mashin ɗinsa wurin bakanike, ya haɗa takardunsa, ya kama hanyar Illela, ya ƙetara Ƙonni, ya juya gabas, ya bi kwalta har ya hango duwatsun Damagaram. Wallahi ban san tafiyar da ta kai wannan daɗi ba. Ina jin masu yabon Dubai da Alƙahira da Istambul, Allah ya ƙara musu buɗi. Amma mutumin Dingyaɗi ko Boɗinga ko Shagari da ke da Boxer ko Haojue jingine a zaure, ƙasar waje tana nan kusa da shi. Ba ta neman kuɗin jirgi, ba ta neman tafinta, kuma in ya je zai dawo da labarin da zai shekara yana bayarwa a majalisa.

A 2022 an yi ta maganar Kunle Adeyanju, wanda ya taso daga Landan a kan babur a watan Afrilu, ya iso Legas a ƙarshen Mayu, don tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna. Na bi labarinsa da zumuɗi, kuma har yau ina jinjina masa. Sai dai samarinmu da yawa da suka ga hotunansa sun ɗauka yawon duniya a kan babur sai mai ƙaton inji da tufafin Turai. Ko kusa. Mashin ɗin da ke kai buhun gero kasuwa, wanda ɗan kabu-kabu ke wuni a kansa a Sakkwato, shi ne dai zai kai ka Damagaram ya dawo da kai, muddin ka ba shi haƙƙinsa.

Kuma mashin ne ya dace da wannan hanya. Wanda ya shiga babbar safa da asuba, an rufe tagogi, ya yi barci ya farka a tashar Maraɗi, ya isa dai, amma bai ga komai ba. A kan mashin kuwa hancinka ne zai fara gaya maka ka kusa Galmi, don ƙanshin albasa. Inda ka ga inuwa mai kyau ka tsaya. Inda ka ga masallaci ka sauka ka yi ƙasarunka, kafin ka sallame an ajiye maka ruwa a moɗa. Ba direban da zai danna maka ham, ba ɗan kamashon da zai ce lokaci ya ƙure.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne, wanda ya taso daga ƙasarmu yana bin rayuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne daga ƙarshe zuwa farko. Sifawa tana nan cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, inda Shehu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma yana zaune a Boɗinga a wancan lokaci. Ka shiga Sakkwato, ga Hubbare, inda aka rufe shi a 1817. Ka fita ta Kware ka nufi Gwadabawa, Ɗegel tana cikin wannan yanki, garin da ya girma ya yi wa'azi har zuwa hijirar 1804. Ka ƙetara iyaka, kusa da Galmi ga Marata, inda aka haife shi a 1754. Wace tafiya ce a duniya za ta ba Basakkwace irin wannan? Tun muna makarantar allo ake ambata mana waɗannan sunaye, sai ga su ɗaya bayan ɗaya a gefen hanya.

Daga Sakkwato zuwa Illela kusan kilomita 85 ne. Ka bar gida bayan gari ya waye sosai, ka cika tanki a Sakkwato, amma kada ka ɗaura jarkar fetur a baya. A bakin iyaka jarka sunanta fasa-ƙwauri, kuma ba ka da bakin kare kanka. Kasuwar Illela ranar Lahadi take ci. Wanda bai taɓa ganin karar dabbobinta ba, da raƙuma da shanu da manyan raguna na Azbin, to ya ware mata rana guda tata ta kanta. Amma ƙetare iyaka ya fi sauƙi a ranar da ba kasuwa.

A nan ne maganar takardu take, kuma ina roƙon ɗan'uwa ya saurare ni da kyau. Da can mutanenmu da katin shaida kawai suke shiga, wasu ma ba ko shi. Zamani ya juya. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, sannan Nijar ta kammala fita daga ƙungiyar ECOWAS a 29 ga Janairun 2025. Saboda haka ka tafi da fasfo na ƙasa da ƙasa wanda bai mutu ba, ka sa a buga maka hatimin fita a Illela da na shiga a Ƙonni. Ka riƙe katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Ka riƙe lasin ɗinka, da takardun mashin masu ɗauke da sunanka, da rasit ɗin saye, da lamba a maƙale a bayansa. Mashin marar lamba a wannan zamani jawo wa kai magana ne. A ofishin duwan, wato kwastan, na Ƙonni ka karɓi takardar shiga da abin hawa, wadda suke kira lesefase, ka tambayi inshorar da ake karɓa a lokacin ka yanka. Ka yi wa kowace takarda kwafi ka ajiye daban a leda. Kada ka bi ta barauniyar hanya ko da wani ya ce ya san ta, kuma ko wane ne ya ce ka riƙe masa ƙunshi ka kai wa ɗan'uwansa a tsallake, ka ba shi haƙuri.

'Yan canji suna nan a Illela da Ƙonni. Ka canza abin da zai ishe ka, ka nemi ƙananan kuɗi da yawa, don mai shayi da mai faci ba su da canjin babbar takarda. Lissafin kasuwa a can da dala ake yin sa: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, jika kuwa sefa 1,000. Ka zaunar da wannan a kanka tun daga gida, ciniki zai yi maka sauƙi. Ka sayi layin waya na can, Airtel ko Moov ko Zamani, ka aika wa gida lambar tun kafin ka bar Ƙonni.

Ƙonni! Tsakaninta da Illela ɗan taƙi ne, amma kana shiga ka san ka shiga wata ƙasa. Allunan shaguna sun koma Faransanci, kakin jami'ai ya sauya, ga dogon burodin nan mai ɓawo a tsaye cikin kwali. Ka samu mai shayi ka zauna, a tsaga maka burodin a zuba ƙwai, a haɗa maka shayi da madara, ka ji yadda karin kumallo yake. Sannan mutumin da ke kusa da kai ya buɗe baki ya ce maka "sannu da tahiya", da irin harshen da aka yi maka magana da shi tun kana goye. Wannan haɗuwa ta baƙunta da zaman gida a wuri guda ita ce ba na samu a ko'ina. Garin kuma tsohon gari ne mai tarihi mai nauyi. Jama'ar Shehu sun ci shi a 1804. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka masa, ta karkashe mutane ba adadi, ta ƙone shi. Ka riƙe waɗannan sunaye biyu, za ka sake haɗuwa da su a gaba.

Daga Ƙonni babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Difa, ta ba ka zaɓi biyu. Kada ka yi yamma. Wajen Dogon Dutsi zuwa Yamai ba na mai yawon hutu a kan babur ba ne a yanzu. A jihar Tilaberi tun farkon 2020 hukuma ta fara hana hawan babur saboda 'yan bindiga. Gabas za ka yi. Ƙonni zuwa Maraɗi wajen kilomita 240 ne, Maraɗi zuwa Damagaram ma kusan haka. Kowane yanki ka ba shi yini guda, kada ka haɗa su.

Bayan Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu ta yi arewa, za ka wuce Malbaza da kamfanin simintinta, sai Galmi. Mu ma manoman albasa ne, Sakkwato da Kabi ba baya ba ne wajen wannan sana'a, amma dole mutum ya tsaya ya sara wa Galmi. Albasarta mai ruwan shunayya ta yi suna har Abijan da Akara da Kwatano, kuma manoma a ƙasashe da yawa irinta suke nema da sunan garin. In ka zo lokacin kaka, buhuna ne jere a bakin titi iya ganinka, manyan motoci na lodi, ga rudun ajiya birjik a bayan gari. Ka sauka ka gaisa da manoman, ka tambaye su yadda suke renon iri da yadda suke adana ta har ta yi tsada. Ba su da rowar ilimi. A nan ne kuma asibitin mishan yake, wanda aka buɗe a 1950, da mutanenmu na iyaka suka daɗe suna zuwa. Ka nemi wani dattijo ya kwatanta maka hanyar Marata, ka je da rana tsaka ka dawo kan kwalta da wuri.

Madawa garin tabarmi ne. Tabarmar kaba ta Madawa, mai rini ja da baƙi da kore, in ka naɗe ɗaya ka ɗaura a bayan mashin ka samu shimfiɗar sallah da ta hutawa har ƙarshen tafiya. Ga kuma kilishi. Ni dai ban yarda akwai kilishin da ya fi na wannan yanki ba: siriri, busasshe ƙayau, yajin bai danne ɗanɗanon naman ba. Ka saya da yawa, guzuri ne da ba ya lalacewa.

Tsakanin Madawa da Maraɗi ne nake so matafiyi ya tattara hankalinsa. Hanyar tana bi ta Gidan Rumji, kuma kudu da nan dazukan iyaka ne da suka haɗe da Sabon Birni da Isa da Zamfara. Mun san abin da 'yan bindiga ke yi a can. Dubban 'yan'uwanmu da suka gudu daga gabashin Sakkwato a wannan yanki aka ba su mafaka. Mu kanmu a kudancin Sakkwato ba baƙin wannan masifa ba ne, Allah ya kawo mana ƙarshenta. To, ka tambayi direbobin tasha halin hanya kafin ka tashi, ka bi kwalta kawai, ka isa masauki kafin la'asar ta yi sanyi. Ku tafi ku biyu ko uku, kada ku yi ayari. Babura goma a jere da mutane rufe da fuska, ko wane ƙauye ya hango su sai gabansa ya faɗi, kuma da gaskiyarsa. In za ka shiga gari, ka rage gudu, ka sauke amawali. In ka iso shingen jandarma, ka tsaya tun daga nesa kaɗan, ka kashe inji, ka cire hular kwano, ka yi sallama, ka ce "ranka shi daɗe, barka da aiki", ka miƙa takardu da hannun dama. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton soja ko bariki ko ofishin gwamnati. Maganar siyasar ƙasashen biyu kuma ka bar ta a gida. Kai baƙo ne, ka zo ganin dangi.

Da wannan ladabi, abin da za ka tarar a gaba ya fi ƙarfin wahalar. Kafin Maraɗi da 'yan kilomitoci ga Tsibiri, fadar Sarkin Gobir. A Maraɗi kuma ga fadar Sarkin Katsina. Duk ɗan Sakkwato ya san abin da wannan ke nufi. Da jihadi ya ci Birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsu a Maraɗi. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Gobirawa suka kafa Tsibiri. Shekaru da dama waɗannan garuruwa biyu da Sakkwato ba sa ga maciji. Yau kuma ka tsaya a ƙofar fadar Tsibiri, ka ce daga ƙasar Sakkwato kake, ka ga yadda fuskoki ke washewa. A ja ka inuwa, a kawo hura mai sanyi, a tambaye ka Sarkin Musulmi, a tambaye ka damina, wani ya ce ƙanwar uwarsa tana aure a Gwadabawa, wani ya ce a Sakkwato ya yi almajiranci. Tsoho zai kira ka "ɗana", kai kuma ka amsa da "na'am, Baba". Duk lokacin da na tuna wannan karɓa sai na ji ƙwalla ta taru mini. Jikokin waɗanda suka gwabza da juna ne ke shan fura a ƙwarya ɗaya, ba wanda ya manta tarihi, ba kuma wanda ya riƙe shi a zuci.

Maraɗi kanta gari ne na 'yan kasuwa, garin Alhazai. Tsohon garin yana cikin kwari ne, ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka sake gina sabo a kan tudu, shi ya sa titunansa suke miƙe sambal. Gulbin da ya yi wannan ɓarna daga ƙasar Katsina ya taso, ya ratsa Nijar, ya sake komowa Najeriya ya faɗa gulbin Rima, wanda ke wucewa ta gefen Sakkwato. Jar akuyar nan da muke taƙama da ita, wadda fatarta ta yi suna har Turai, ita ce dai a garken Maraɗi. Ka shiga babbar kasuwa ka sha kallo: gyaɗa, aya, ƙuli-ƙuli, atamfofi, takalman fata. Da dare ka nemi masu gasa zabi da balangu. A Maraɗi ne kuma ya kamata ka duba mashin, don kayan gyara sun wadata, kuma bakaniken can ya san injin Boxer ciki da waje. Layin dogon da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284 daga Kano, nan zai ƙare. In ya kammala za a samu sauƙi ƙwarai, amma ni dai mashin ɗina ya ishe ni.

Tun da na ambaci gyara, bari in faɗi haƙƙin mashin. Kafin ka bar gida a juye baƙin mai, a duba birki gaba da baya, a ɗaure sarƙa a shafa mata mai, taya in ta suɗe a canza ta, kada a ce za ta kai. Ka ɗauki tib na gaba da na baya, da kayan faci, da ƙaramin famfo, da fulogi, da wayar kuloci, da sifanu biyu ko uku. Ƙaramin inji iska ce ke sanyaya shi, don haka duk bayan awa ɗaya da 'yan mintoci ka tsaya ka bar shi ya huce, kai ma ka miƙe ƙafa ka sha ruwa. Ka sha mai a gidan mai duk inda ka samu, kada ka jira tanki ya yi ƙasa, don akan yi ƙarancin fetur a can ma duk da matatar da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011. Hular kwano dole ce, da tabarau, da safar hannu, da takalmi mai rufi. Manyan motocin safa suna gudu a wannan hanya. In ka hango ɗaya a madubi ka sauka gefe ka ba ta wuri. Ka kula da amalanken shanu da jakuna da yara a bakin ƙauyuka. Tafiyar dare kuwa babu ita sam.

Yanzu ga yankin da na fi ƙauna, Maraɗi zuwa Tasawa, ta Cadawa da Agye da Gazawa. Hanya ta miƙe kamar tabarmar da aka warware, dama da hagu gonaki, kuma cikin gonakin itatuwa. Itatuwa fa, ba ɗaya ba biyu ba! Gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, a tsaye cikin gonar gero. Mu da aka tarbiyyantar a kan cewa manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas, sai mu tsaya muna mamaki. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 wannan ƙasa ta kusa zama fako. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi a shekarun 1980, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara saiwarsu na da rai. Maimakon dasa sabo, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi daga tohon kututture, a sare sauran, a kare su daga dabba da gatari. Manoma suka karɓa, suka ƙara da nasu sanin, suka kira shi sassaben zamani, maƙwabci yana koya daga maƙwabci. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 ta wannan hanya, itatuwa kusan miliyan 200. Gawo kuwa kowa ya san halinsa: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani ya ba dabba abinci da inuwa. Ka tsaya ka dubi geron da ke ƙarƙashinsa ka gwada da na fili. Ina ma kowane manomin Dingyaɗi da Boɗinga da Shagari zai zo ya gani da idonsa. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa, amma ga abin da suka yi da gatari da haƙuri kaɗai. Ko wannan kawai mutum ya gano ya dawo, kuɗin mansa bai faɗi banza ba.

Gaba da Tasawa kaɗan akwai Maijirgi. A wannan yanki ne, a Ɗankori, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da shi, ranar 14 ga Yulin 1899. Cikin kwanaki kaɗan sojojinsu suka juya musu, suka kashe Chanoine da Voulet, kuma kaburburansu suna Maijirgi. Wanda ya sha shayi a Ƙonni ya ji abin da suka yi wa garin, in ya tsaya a nan zai ga inda zalunci ya kai masu shi. Daga nan sai Takeita, sai Tirmini, inda Faransawa suka karya rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a wannan shekarar.

Sannan duwatsu su fara bayyana, manya-manya, mulmulallu, wani a kan wani, gidaje a tsakaninsu. Ka iso Damagaram. Kai, wannan birni! Ka ajiye mashin a masauki, a cikin gida ba a waje ba, ka shiga unguwar Birni da ƙafa. Lunguna ne ƙanana masu karkacewa, gidajen ƙasa masu zankwaye, fuskar kowane zaure da zanen da magini ya yi da hannu, wasu an shafe su da launi. Fadar Sarki tana tsakiya, ginin ƙarni na 19, dogarai da jajayen kaya a ƙofa, ga masallaci a gefe. Sarki Tanimu ne ya ɗaukaka wannan masarauta, ya kewaye birnin da ganuwa, har bindigogin igwa aka ƙera a zamaninsa, ayarin fatake daga Tarabulus suna sauka a unguwar Zango. Damagaram ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, ta Barno take bi, har ta kai ga kai wa Kano yaƙi a zamanin Sarki Alu, kuma wasan da ke tsakanin Damagarawa da Kanawa yana nan har gobe. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya sauka a nan a ƙarshen 1852 kafin ya nufo Katsina da Sakkwato. Nan ne babban birnin Nijar a wani lokaci na mulkin mallaka, sai a 1926 aka mayar da shi Yamai. In ka nemi izini da ladabi a ƙofar fada, akan samu wanda zai zaga da kai ya ba ka tarihi; ka yi masa alheri daidai ƙarfinka.

Ka hau ɗaya daga cikin duwatsun da hantsi ka dubi birnin daga sama. Ka shiga Kasuwar Dole ka ga aikin dukawa, jakunkuna da matasai da linzami da kube. Ka ɗanɗani cuku da dabino. Ka zauna a majalisar shayi, inda ake dafa shi a ɗan ƙaramin buta a kan gawayi, a zuba a ƙananan kofuna zagaye uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Ka zauna har na ukun, haka ake yi. Hausarsu ta ɗan bambanta da tamu, kuma za su gane kai Basakkwace ne tun daga gaisuwa, su yi ta jan ka da hira. In da sauran lokaci ka leƙa Miriya, ƙasa da kilomita 20 gabas da birni, garin tukwane da lambuna.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. An gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, mutane suna da sukuni, ƙoramu sun janye. Sanyin safiya a kan mashin yana shiga ƙashi, don haka ka sa rigar sanyi mai kauri, ka shafa mai a leɓe da hannu, in hazo ya yi yawa ka kunna fitila ko ka dakata. Daga Maris zuwa Mayu kada ka soma. Zafin ya wuce awo 40, yana gajiyar da mutum da inji. A cikin hunturun nan ne kuma aka saba yin gasar kokawa ta ƙasa, ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, jihohi suna karɓar baƙuncinta bi da bi. Filin kokawar Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Damagaram kuma Langa-Langa, manyan 'yan kokawar da suka shuɗe. A zamanin nan Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobin sau da dama. In Allah ya sa shekarar tafiyarka gasar ta faɗo Maraɗi ko Damagaram, to ka tsara komai a kanta, ka nemi masauki da wuri. Kiɗa, kirari, laya da guru, dubban mutane suna ihu lokaci guda: mu da muka tashi da kokawar dandali bayan girbi, a can za mu ga inda aka kai ta.

Wajen dawowa za a ba ka shawarar ka sauka ta Matamai zuwa Daura, ko ta Ɗan Isa zuwa Jibiya. Ga mai zuwa Kano ko Katsina hanyoyi ne masu kyau. Amma kai da za ka Dingyaɗi, in ka bi can sai ka ratsa Zamfara, kuma ba a kan mashin ba. Ka juyo ta inda ka fito, ka sake kwana a Maraɗi, ka ƙara kilishi a Madawa, ka sayo irin albasa a Galmi. A Ƙonni ka mayar da lesefase a ofishin duwan, a buga maka hatimin fita, ka canza sauran sefarka a Illela. Ka lissafa tafiyarka yadda za ka bar Illela kafin azahar, don ka wuce Sakkwato ka shiga gida da sauran rana.